Zuwa Ga Bazazzagen Unguwar Rogo, Mai Talabijin Mai In'ina

Malam na Zazzau! Na so in rufa maka asiri, to amma Bakano bai taɓa ganin Bazazzage a rami ya wuce bai leƙa ba, kuma wannan hakki ne da kakanni suka bar mini a kanka, ba ni da ikon yafe shi.

Ka tara mu ranar Asabar bayan lisha a falonka, cikin sanyin Disambar nan da ke sa mutumin Jos ya tsaya yana shawara da buta kafin alwala, ka ce mu zo mu kalli bidiyon ɗaurin auren ɗanka. Aka kawo shayi da soyayyen dankali, yanka bakwai na ƙirga a farantina. Ka ɗauko kwamfutarka ka jona da talabijin, hoto ya fito tangaran, har zaren aikin babbar rigarka ana gani. Sai liman ya buɗe baki ya ce "Alhamdu", daga nan ɗif. Baki na motsi, gemu na rawa, ba a jin komai. Can sai ga "sadaki" ya faɗo shi kaɗai, babu kai babu gindi. Jim kaɗan muryar ta tsere daga talabijin ta koma cikin kwamfuta, siririya kamar sauro a gwangwani, sannan ta dawo. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ban taɓa ganin inda aka yi wa karin maganar biyayya irin gidanka ba.

Abin da ka yi daga nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka fara da marin talabijin a ƙeya. Ka canza batirin rimot. Ka zagi masu wuta, alhali ga ƙwai na ci fes. Ka ɗora wa janareton maƙwabci, ka koma kan yaron da ya ɗauki bidiyon, ka ce ba za ka cika masa kuɗinsa ba (na lura da saurin da ka kai ga wannan hukunci). Da duk suka ƙare sai ka gyara tabarau ka yi mana lacca da Turancin Samaru, wai sanyin Jos ne ke daskarar da sauti a cikin waya. Tun 1962 jami'a take a ƙofar gidanku, abin da kuka samo mana ke nan.

Kuma a ce a Jos! Garin da tashar talabijin ta jihar Binuwai-Filato, wadda aka kafa zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ta riga kowa a Najeriya watsa hoto mai launi a 1975. Garin da ke da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield tana yaye masu haɗa hoto da murya. A nan aka fara gwajin komawa tsarin dijital a watan Afrilun 2016, kafin Abuja ma ta gani. Sai ga shi wani baƙo ya rasa yadda zai fitar da muryar liman daga akwati. Na ce baƙo, don ban manta ba, kakanninka a ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya suka hawo tudu, wanda ya iso Bukuru a 1914 yana nishi. An rufe layin tun 1957, amma tafiyar hawainiyarsa tana nan a jininku.

To zauna in karantar da kai, kyauta, ko da yake Bakano ba ya kyauta sai da dalili.

Wayar da ka jona sunanta HDMI. Leƙa bakinta da tocila, za ka ga haƙora 19 ƙanana, kowanne da aikinsa. Tsohuwar wayar nan mai shuɗin kai da kusoshi biyu, VGA, hoto kaɗai take ɗauka, shi ya sa da can sai an haɗa mata wata wayar ta lasifika. Ita HDMI hoto da murya tare take kai su, kuma muryar ba ta da hanyarta daban. Cusa ta ake yi a ɗan sararin da ke tsakanin layukan hoto, kamar yadda ɗan kamasho ke cusa yaro tsakanin manya a motar Bauchi. In hanya ta yi gargada, ɗigon hoto kaɗan ya lalace, ido ba zai kula ba. In na murya ne ya lalace, talabijin sai ta gwammace ta yi shiru da ta yi maka ƙara a kunne.

Akwai kuma haƙori na ƙarshe, na 19, wanda aikinsa kawai ya shaida wa kwamfuta cewa talabijin tana nan. Da an jona, sai su gaisa, talabijin ta faɗi girman hoton da take iya ɗauka da irin muryar da take fahimta. In wannan haƙori ya saki ko na ƙiftawar ido ne, kwamfuta sai ta ɗauka baƙuwa ta tafi, ta maido murya cikin lasifikarta. Ya sake taɓawa, a sake gaisuwa daga farko, irin gaisuwarku ta Zage-zagi da sai an tambayi lafiyar akuya. Sauron gwangwanin da muka ji ke nan.

Mai neman irin wannan ciwo abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, kuma daga mai araha yake farawa. Kai kuwa ka taɓa abu biyar a tare, ko da ya gyaru ba za ka san wa za ka gode wa ba. Da ka sa kunne a kwamfutar ita kaɗai, ka ji liman ya karanta huɗubarsa tsaf, da yaron bidiyo ya kuɓuta. Da ka mayar da wayar wani ramin, tun da talabijin ɗinka uku gare ta, da ka wanke ramin ko ka kama shi. Da ka rage girman hoto zuwa 1080 ka ga in'inar ta ragu, da ka san waya ce kaya suka yi wa yawa. In duk wannan bai yi ba, sannan a shiga saitin sauti na Windows, a tabbatar talabijin aka zaɓa a matsayin mai magana, a ajiye awon muryar a 48,000 wanda shi ne na bidiyo, a kashe ƙawace-ƙawacen sauti, a sabunta manhajar da ke tuƙa katin hoto, don ta hannunsa muryar ke bi. Wata kwamfutar ma in tana kan batiri takan sa sashen sauti gyangyaɗi don tattalin caji, sai ka ji farkon kowace magana ya guntule. A sa mata caja a gani.

Amma mu ba mu kai can ba. Autarka, 'yar aji biyu a sakandare, ita ta zagaya bayan talabijin ta haska da tocilar salula. Na bi ta na leƙa, kuma wallahi abin da na gani ya isa a kai ka gaban mai unguwa. Ka manna talabijin da bango har wuyan wayar ya karye kwana kamar wuyan kazar da aka murɗe. Robar ta tsage, ka naɗe da baƙin salatif. Tsawonta ya kai a ɗaure raƙumi, ragowar ka cusa ƙarƙashin kafet, daidai inda ƙafar kujerarka take. Duk sanda ka motsa don ka nuna mana kanka a hoto, sai liman ya yi shiru. Na tambayi inda ka samo ta, ka ce a baro, wajen Taminus, kuma ka yi ciniki har mai baron ya haɗa maka da batiri biyu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya fi ba ni dariya, ɗan ɗigon dalmar da ke riƙe haƙoran nan da kuza ake yin sa, arzikin da ya tara kakanninmu a garin nan, ga tafkunan haƙarsa har yau a hanyar Bukuru. A garin kuza ka sayi wayar da aka yi wa rowar dalma.

Yarinya ta ciro gajeriyar wayar dikoda ta jona, murya ta zauna daram. Ba ka ce mata sannu ba, sai cewa ka yi dama abin da kake shirin yi ke nan.

A nan ne na gane kuskurena, don ni na riƙe mata tocila. Bayan huɗuba ashe akwai jawabin uban ango. Minti 40 kana magana, ka faro daga Sarauniya Amina, ka bi ta kan Kongo da Tudun Wada, ka karanto takardun shaidarka ɗaya bayan ɗaya, ba ka ambaci sunan amarya ba sai da aka taɓo ka. Kowace kalma ta fito garau, babu wadda ta ɓace. Shayi ya huce, mutum biyu suka tuna suna da uzuri a Farin Gada, ni kuwa kana zaune a bakin ƙofa.

Tsohuwar wayar tana wurina, na ɗauke ta a aljihu da za mu fita, kada ka wahalar da yara da nema. Na ji an ce bidiyon walima yana nan tafe, kuma a can ma ka yi jawabi. Ranar zan zo da wuri in taya ka jonawa. Ka ce a ƙara dankali.