Rana Ba Ta Faɗuwa a Banza a Layinmu

Duk wanda ya shigo layinmu a watan Fabrairu ko Maris, tun daga bakin lungu ƙamshin ɗanyen tumatir zai tare shi. In ya ɗaga kai, saman soraye da kan katangu ja wur, kamar an shimfiɗa dardumai. Mu nan haka muke. Da zarar manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam sun cika kasuwa, farashin kwando ya faɗi warwas, ba ma tsayawa kallo. Adashen da muke zubi tun kaka muke fasawa, mazan gida biyu su yi sammakon 'Yan Kaba, in an sami mota ma su zarce Kwanar Gafan, su dawo mana da kwanduna har da ƙarin tattasai da attarugu.

Bana a gidan Goggo aka yi zaman, don tsakar gidanta ta fi faɗi, sorenta kuma yana da matakala. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun cika tabarmi uku, kowacce da wuƙarta da robarta. Akwai Hajiya ta gidan kusurwa, da Maman 'yan biyu, da malamar asibiti da ta dawo daga aikin dare ko runtsawa ba ta yi ba, sai kuma amaryar gidan Malam, wadda ba ta fi wata huɗu da tarewa ba.

Ita ce ta fara tambaya, cikin ladabi, bayan ta ƙare wa kwandunan kallo.

"Goggo, ni fa ban gane ba. Maimakon duk wannan aikin, ba gara a niƙa a zuba a firji ba?"

"Da wace wutar, ƙanwata?" in ji Maman 'yan biyu. Aka kwashe da dariya, har ita amaryar.

Goggo ta nuna sama da tsinin wuƙarta. "Matso nan kusa da ni, 'yar nan. Tamu wutar ga ta can. Ba a kawo mana takardar kuɗinta, ba a kuma ɗauke ta sai magariba."

Na tsaya ina kallon hannun tsohuwar. Kowane tumatir sai ta danna shi da babban yatsa. Wanda ya yi laushi ta jefa bahon hagu, wannan na niƙan yau ne. Mai tauri, mai tsoka, wanda ruwa bai cika masa ciki ba, shi ne na shanya. An riga an wanke shi, an bar shi ya tsane a kwando. Ta tsaga shi gida biyu ta tsawo, babba kuma gida huɗu, ta jera a faranti cikinsa na kallon sama, ta ɗan barbaɗa gishiri kaɗan. A saman soro an shimfiɗa wankakkun buhuna a kan gadon kara, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. In an gama jerawa sai a yafa tsohon gidan sauro, ƙuda ya zo ya yi shawagi ya koma.

"Kafin magariba ki kwashe ki shigar ɗaki," Goggo ke faɗi, hannunta bai tsaya ba. "Raɓa ta taɓa miki shi, ya yi baƙi. Kwana biyar zuwa mako guda, gwargwadon ƙarfin rana. In kin matsa kin ji danshi, da saura. Kika yi gaggawar rufewa, fumfuna ta cinye miki wahalarki."

Abin da ya raba kauɗarmu da ta bakin titi ke nan, wadda ake bazawa a ƙasa ko a gefen kwalta, mota ta wuce ta baɗa mata ƙura. Ki wanke ta sau uku, in an zo cin tuwo sai kin ji ƙasa a haƙori. Tamu kuwa ruwan zafi kawai za ki jiƙa ta da shi, ki niƙa da albasa da ɗan tattasai, miya ta fito ja, ba wanda zai ce ba ɗanye ba ne.

Hajiya ta ajiye wuƙa ta ce, "Ku dai kun manta shekarar Sharon?" Ba wadda ta manta. A 2016 ne tsutsar nan da ake kira Sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mai kayan miya ya riƙa ƙirga wa mutum 'ya'ya uku ko huɗu a tafin hannu. A layinmu gida biyu kaɗai ke da kauɗa a ajiye, na Goggo da na Hajiya, kuma daga bokitansu aka riƙa ɗibar wa kowa da gwangwani har suka ƙare. Ba wadda ta karɓi ko kwabo. Daga wannan shekarar muka fara adashen nan, muka ce ba za mu sake barin mutum biyu su ɗauki nauyin layi guda ba.

Na laushin ma ba ya tafiya a banza. Shi muke niƙawa a zuba a babbar tukunya, a yi ta wuta har ruwan ya ƙone ya yi kauri. A tafasa kwalabe da murafensu, a ɗura shi da zafinsa, a rufe gam, a sake tafasa kwalaben a ruwa. Dokar Maman 'yan biyu a nan guda ce: kwalbar da murfinta ya kumbura, ko aka buɗe ta yi kumfa, ba a ɗanɗanawa, zubarwa ake yi.

Da amarya ta shiga rumfa shan ruwa, sai ta dawo da wata tambayar, don ta ga tukunya a cikin tukunya an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Malamar asibiti ce ta ba ta labari. Wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya yaɗa dabarar a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya ake sawa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da kan yaushi a kwana uku sai ya doshi wata guda, tumatir da tattasai su yi mako uku. Da rani ta fi aiki, lokacin da iska ta bushe.

"Ashe firjin ma kuna da shi," in ji amarya.

"Na kasuwar tukwane," Goggo ta amsa, tana murmushi.

Ni da amarya muka hau da farantin farko. Daga saman soron Goggo ana hango tsakar gidajen layinmu kusan duka, sai na riƙa nuna mata. Ga zogalen Hajiya can, guda huɗu a jikin katanga. Duk sanda suka wuce tsawon mutum sai ta sare kansu, su yi rassa ta gefe, ganye ya yawaita inda hannu zai kai. Ga buhunan Maman 'yan biyu a jere, tsofaffin buhunan shinkafa da ta huda ta cika da ƙasa da takin awaki: alayyahu, rama, yakuwa, lalo. Ga na'a-na'a da ɗoɗɗoya a gidan Malam, daidai inda ake alwala, uwargidan marigayiya ce ta dasa su, har yau ruwan alwala ke rayar da su. Nawa kuwa kuɓewa ce da kabewa guda da ta haye rufin kicin.

Ba gidan da ya shuka komai da komai, kuma da gangan muka bar shi haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da la'asar sai ki ji ana aiken yara: "Je ki gidan Hajiya, ki ce ina gaishe ta, ta ɗan tsinko mini zogale." Yarinya ta tafi da kwano, ba ta dawowa da shi fanko, kuma ba ta tafiya da shi fanko. Kuɓewa ta je, zogale ya dawo, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli a sake raba wa gida uku.

Da muka sauko, amarya ta ce ita ma tana so ta gwada shuka, sai shawara ta ɓarke ta ko'ina. Kada ki sa ɗanyen kashin kaji, ƙone tsiro yake yi, ki bar taki ya kwana biyu ya huce. Ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk na shuka ne, amma ban da ruwan omo. Ki yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, jarka guda ta ɗan garuwa ta ishi buhu da yawa in ba a rana tsaka aka zuba ba. In ƙwari sun sauka, ki barbaɗa toka da safe kan ganye na da laima, ko ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa. Ƙadangare da kaji kuwa, gidan sauro dai shi ne maganinsu. Ki fara da alayyahu, kafin wata ya zagayo kin tsinka, zuciyarki ta yi ƙarfi.

"Kuma ki riƙe wannan," in ji Hajiya. "Wajen shanya, tumatir da tattasai da kuɓewa na rana ne. Ganye na inuwa ne. Zogale ko kuka kika shanya a rana, sai su koɗe su zama kamar ciyawa. A ɗaki mai iska za ki baza su, su bushe da korensu." Ta ƙara da cewa ko lawashi ba ma yarwa, dakawa muke yi mu dunƙula gabu.

Ana cikin haka ƙaramin Maman 'yan biyu ya shigo yana tari, zance ya juya. Wannan ta ce citta da kanumfari da lemun tsami da zuma. Waccan ta ce a yi masa sirace da ganyen darbejiya. Daga nan aka gangara: na'a-na'a ga kumburin ciki, ruwan bagaruwa ga kurkurar baki in dasashi na ciwo, lalle ga tafin ƙafa mai zafi, zoɓo ba sukari ga mai hawan jini. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mun ga amfanin waɗannan da idonmu.

Malamar asibiti ta bari kowa ta gama, sannan ta taɓa goshin yaron. "Wannan mura ce, ku ba shi cittarsa. Amma ku dai kun san inda muka ja layi." Mun sani, don ta sha faɗa. Yaro ya yi zazzaɓi, a je a gwada jini a ranar, ba a jira gobe. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kawai, ba dauri ba jiƙo. Wanda bai shekara ba, ba a ba shi zuma. Mai gudawa, ruwan gishiri da sukari tun da wuri: in babu na leda, lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ya sha zoɓonsa, amma kada ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta. Mai ciki kuwa kada ta sha kowane sassaƙe sai ta tambaya.

Ni ba a bakin wani na ji wannan ba. Ɗana na biyu yana ɗan shekara uku ya yi zazzaɓi, na yi kwana biyu ina sirace da jiƙe-jiƙe. Daren na uku idonsa ya yi fari fat, ko kuka ba ya iyawa. Malamar nan ce ta buga wa mai a-daidaita-sahu ƙofa da tsakar dare, ta riƙe shi a cinyarta har asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye masa jini, sai da aka yi masa ƙari. Ranar zaman nan ma shi ke gadin shanya a saman soro. Ban daina dafa ganye ba, amma tun ranar na san iyakarsa.

Goggo ta gyaɗa kai. "Ganye bai taɓa cewa shi ne komai ba. Mutane ne ke ɗora masa abin da bai ɗauka ba."

Da rana ta yi sanyi, kwanduna sun zama fanko, yatsunmu sun yi yaushi da ruwan tumatir, Goggo ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar gora da aka toshe bakinta da tsumma. Ta zazzage a tafin hannu: irin kuɓewa ne cakuɗe da toka, don kada ƙwaro ya huda shi. Daga garinsu ta zo da asalinsa ranar da aka kawo ta gidan nan, kowace shekara kuma takan bar 'ya'ya biyar ko shida su ƙosa su bushe a jikin uwar. Kuɓewar gidana jikarsa ce, haka ta gidan Hajiya. Ta ƙirga goma sha biyu ta damƙa wa amarya.

"Ki jiƙa ya kwana kafin ki shuka. In ta yi, ki ci, ki ba maƙwabta, ki bar na iri. Bashi ne na ba ki, amma ba ni za ki biya ba. Wata amaryar na nan tafe."

Yanzu ga mu a Yuli. Ruwa ya sauka, tumatir ya yi tsada kamar kullum, mu kuwa kowacce ta buɗe bokitin kauɗarta. Jiya bayan la'asar aka yi sallama, na leƙa na ga yaron gidan Malam riƙe da kwano an rufe da faifai. Na buɗe: kuɓewa ce ɗanya, 'yan ƙanana masu laushi, guda tara, tsinkar farko.

"Anti ta ce a gaishe ki, wai ta kai wa Goggo nata. Kuma wai in za a fara zubin adashen bana, a rubuta da ita."

Na juye kuɓewar, na cika masa kwanon da kabewa, na ce ya gaya mata an riga an rubuta.