Fatawar Majalisa a Kan Kukan Mota da Sanyin Asuba

Idan hunturu ya sauka birnin Katsina cikin watannin Disamba da Janairu, hazo ya lulluɓe Hasumiyar Gobarau har ba a tsinkayar kanta, to duk mai fitowa daga sallar asuba tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa zai ji wani sauti wanda ba na ladani ba ne, ba kuma na zakara ba, wato gurnanin motocin bayin Allah, waɗanda ke tusa giya da ƙarfin tsiya tun inji bai wartsake ba.

Illar ba ɓoyayya ba ce ga ma'abota sani. Man giya yakan yi kauri da sanyi, ya yi nawar kaiwa ga haƙoran ƙarfen da aka ɗora masa shafewa, sai su riƙa gugar juna suna kuka. In kukan ya ɗauke bayan mota ta ɗumama, da sauƙi. In kuwa ya zarce har hantsi, to ko man ya yi ƙasa, ko wani ƙarfe ya cinye. Amma da yake bayani mai sauƙi ba ya gamsar da mu, sai muka rabu mazhabobi uku. Ta farko ta tafi a kan cewa hassadar maƙwabci ce, domin tun ranar da ya yi wa motar barka ba ta sake lafiya ba. Ta biyu ta zaɓi ƙara muryar rediyo, bisa hujjar cewa abin da kunne bai ji ba bai auku ba. Ta uku, wadda ita ce mafi rinjaye, takan kai mas'alar majalisar mai shayi, inda wanda bai taɓa mallakar ko keke ba zai gyara zama ya yanke hukunci cewa motocin zamani ne ba su da albarka, ba kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da ba.

Abin mamaki, wannan gari ne na Sarki Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, gari da ya shahara da sanin darajar doki, inda ba a ɗaura wa ingarma sirdi sai an tabbata ya ci ya sha. Ga jikokin waɗancan mahaya yau suna wanke jikin mota safe da yamma, su fesa mata turare, su manna mata addu'ar tsari a gilashin baya, alhali cikinta bai ga hasken rana ba tun ranar da aka ƙulla ciniki. In an yi musu nasiha su ce sun yi tawakkali, kamar malamai ba su karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya da riƙon sababi ba.

Sababin kuwa bai kai tsawon shan shayi ba. A tsai da mota a wuri mai daidai, inji a kashe, a zaro ma'aunin baƙin mai a goge, a mayar, a sake zarowa a duba. A leƙa man birki, a leƙa ruwan lagireto, da sharaɗin kada a buɗe murfinsa da zafi. Man giya shi galibi ba shi da ma'auni. Bakanike ne ke kwance toshiyar da ke gefen akwatin, in man bai kawo bakin ramin ba ya ƙara. Sa'an nan a tashi a hankali, a taka kuloci har ƙasa kafin a canja giya.

Saboda haka, ya kai mai mota, ka sallami maƙwabcinka daga tuhuma, ka rage muryar rediyo, ka buɗe bonet kafin ka kama hanyar Jibiya ko Daura. Kuɗin galan guda na mai bai kai zakkar kuɗin sabon akwatin giya ba.