Gaishe Ka, Gwanin Zille wa Haraji

Ranka ya daɗe, Alhaji, yau kai za mu yi wa jinjina. An daɗe ana yabon manoma da malamai da sojoji an bar ka a baya, alhali samun mai tawali'u irinka sai an tona. Ga shaguna jere a Kantin Kwari, ga sito maƙare da hatsi a Dawanau, ga tireloli suna kaiwa da komowa tsakanin Kano da Legas, ga gidajen haya a kowace sabuwar unguwa. Amma a takardar da ka miƙa wa hukumar tara haraji, abin da kake samu a shekara bai kai albashin masinja ba. Wane irin ƙanƙan da kai ne wannan! Wasu suna samun kaɗan su cika gari da taƙama, kai kuwa Allah Ya ba ka, ka rufa wa kanka asiri har gwamnati ba ta san kana da shi ba.

Kuma ba a banza ka kai wannan matsayi ba, aiki ka yi. Mutum ya riƙe littafin ciniki ɗaya ma wahala ne, kai biyu kake riƙewa, ɗaya na gaskiya a gida, ɗaya na nuna wa hukuma a shago. Ka buɗe asusun banki da sunan yaron shagonka, wani da sunan uwargida, wani da sunan ɗan da bai gama firamare ba, don arziki ya zagaya dangi. Ranar da ma'aikacin haraji ya leƙo, ka tarbe shi da fara'a, ka sa a kawo lemo, ka ce masa, "Wallahi bana kasuwa ba ta tafiya, uwar kuɗin muke ci." Ya duba ya ga kwastomomi har bakin ƙofa, ya duba ambulan ɗin da aka ajiye masa, ya gamsu cewa lallai kasuwa ba ta tafiya. Ya tafi da na goro, kai ka zauna da miliyoyinka, kowa ya rabu da kowa lafiya. Baitulmali ne kawai bai samu komai ba, shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara.

Tarihi ma ya shaide ka. A 2017, lokacin da Yemi Osinbajo yake riƙon shugabancin ƙasa, ya faɗa a bainar jama'a cewa mutum 214 kacal ne a duk Najeriya ke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukansu a Legas suke. Tun da harajin mutum a jihar da yake zaune ake biyan sa, ma'anar wannan ita ce daga Kano zuwa Kaduna, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ba a samu mutum ɗaya da ya kai wannan mataki ba. Ashe duk jerin gwanon manyan motocin da ke toshe titi ranar ɗaurin aure na bayin Allah ne marasa ƙarfi. A shekarar ce gwamnati ta fito da shirin VAIDS, ta ce duk wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiyar abin da ake bin sa za a yafe masa tara da kuɗin ruwa, ba kuma za a kai shi kotu ba. Aka ƙara wa'adi har tsakiyar 2018. Masu raunin zuciya suka je. Kai ko gezau. Namiji ke nan, mai magana ɗaya.

Babban alherinka shi ne ba ka ƙwace wa talaka ladansa ba. Ka bar wa malamin firamare wannan daraja: kafin albashinsa ya shigo waya an riga an zare haraji, ba a tambaye shi ko kasuwa na tafiya ba. Ka bar wa mai ƙosai da mai kayan miya su riƙa yankar tikiti kowace safiya tun kafin su yi cinikin farko. Ka bar wa ɗan adaidaita sahu, wanda a Kano aka ɗora wa naira 100 a kullum har ta kai su ga yajin aiki a 2021. Naira 100 kullum ta doshi dubu 30 a shekara ko ta wuce, daga aljihun yaron da babur ɗin ma ba nasa ba ne, sai ya kai wa mai shi balas da yamma. Akwai masu gidan bene da ba su taɓa biyan haka ba. Ga kuma harajin kayan masarufi, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a 2020, wanda bazawara ke biya duk lokacin da ta sa katin waya. Kai ma kana karɓar sa daga hannun masu sayen kayanka, sai dai tausayin kuɗin ba ya barin ka ka tura su Abuja su yi maraici, sai ka riƙe su a wurinka.

Ga ka malami mai almajirai. Mai gidan haya ya koya a wurinka cewa kuɗin haya tsaba ake karɓa, ba rasit. Mai sayen fili ya koyi rubuta rabin farashi a takardar ciniki don kuɗin hatimi ya yi sauƙi. Mai asibitin kuɗi da lauya da ɗan kwangila duk sun sauke karatu. Har ƙananan yara sun iya tura naira 9,999 don kada a cire musu naira 50 da ake cira daga dubu goma zuwa sama. Su dai nasu na neman sauƙi ne, kuma doka ba ta hana ba, amma sun ga inda manya suka sa gaba.

A kan iyaka kuwa, nan gwanintarka ta fi fitowa. Kaya su sauka a Kwatano, su biyo ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari cikin dare, ko kuma su shigo da rana tsaka da takardar da ta ce dilolin atamfa tsummokara ne. Ko da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shagonka bai taɓa yankewa da kaya ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna da na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano sun sha fama da rashin wuta da tsadar aiki, kayan fasa-ƙwaurinka suka zo suka ƙarasa su. Dubban ma'aikatan da ke tashi da asuba suna tafiya aiki, ka hutar da su. Yanzu suna zaune a gindin bishiya, 'ya'yansu suna yi maka dako.

Kada a manta da iliminka. Da an ambaci haraji sai ka gyara zama ka tuna mana cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki jangali da kuɗin gari a Kitabul Farƙi, cewa Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun yi yaƙi da haraji, cewa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Duk gaskiya ne. Sai dai harajin da suka yaƙa na kai ne, wanda ake ɗora wa kowane baligi ko yana da shi ko ba shi da shi, wanda saboda shi ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci, ya sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci da damina, wani ma ya bar garin cikin dare. Kukan wannan bawan Allah ne ka ɗauko ka yafa a kan dukiyar da ba ta ƙirguwa. Wannan hikima ce da su Malam Aminu ba su hango ba. Sannan ka ce kai zakka ka sani. Madalla. Zakkar dukiya ɗaya ce cikin arba'in, kuma Sayyidina Abubakar ya ɗaura yaƙi da waɗanda suka hana ta. Muna ganin taka duk azumi: mata da tsofaffi a layi cikin rana a ƙofar gidanka, kowa da 'yar naira dubu da mudun gero, mai ɗaukar hoto yana gefe. Idan wannan ne ɗaya cikin arba'in na abin da ka mallaka, to lallai takardar da ka kai wa hukuma gaskiya ta faɗa.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce, "In na biya, sacewa za su yi." A nan ba mai musa maka. An sace, ana kan sacewa, kuma duk wanda ya ga yadda ake facaka da kuɗin jama'a dole zuciyarsa ta yi nauyi ranar biya. Abin burgewa shi ne yadda ƙyamar ɓarayin ba ta hana ka cin abinci da su ba. Kai ne a sahun gaba ranar walimarsu, kai ke sayen gidajen da suke ɓoye kuɗin a ciki, kai ke karɓar kwangila daga hannunsu da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku wadda aka buga maka cikin yini ɗaya. Ka kuma yi musu babban gata, domin gwamnan da ba da kuɗin mutanensa yake aiki ba, ba ya jin tsoron tambayarsu. Ya jira ƙarshen wata a raba kuɗin mai a Abuja, in bai isa ba ya ciyo bashi. Haka aka yi ta yi har Bankin Duniya ya ce a 2022 sama da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi suka tafi. Harajin da Najeriya ta tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da take samarwa ba, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka ya kai wajen kashi 16. A 2023 Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a cikin gida, Kano mai kasuwanni ba ta tara kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon harajin kayan masarufi, muryarka ta fi ta kowa a rediyo, kana cewa za a cuci Arewa. Kishi ke nan: tukunyar da ba ka zuba ko ƙwayar gero ba, kai ne mai tsaron rabonta.

Kana yawan cewa ba ka amfana da gwamnati da komai, kuma ka yi ƙoƙari ka tabbatar da haka. Ka haƙa rijiyar burtsatse, ka sa sola, 'ya'yanka suna makarantar kuɗi, ciwon kai ya kai ka Masar ko Indiya. Sai dai tirelolinka ba sama suke bi ba, titin da suke farfasawa na jama'a ne. Ranar da wuta ta kama kasuwa 'yan kwana-kwana kake kira, ka kuma zage su don motarsu ta zo ba ruwa. Wanda ya ci maka bashi kotu kake kai shi. Filayenka takardar gwamnati ce ke tsare maka su. Ɗan sandan da ke gadin ƙofarka da kuɗin jama'a ake biyan sa. Duk wannan kyauta kake sha, kuma ba ka taɓa raina kyauta ba.

Can a asibitin da ba ka zuwa, mace na naƙuda a ƙasa don gado bai isa ba, an rubuta wa mijinta safar hannu da allura ya je ya sayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma abin ya fi muni a Arewa. Can a makarantar da ɗanka bai san hanyarta ba, yara sama da ɗari ne a aji ɗaya, a zaune a ƙasa, rufin ya yaye. Kana wucewa ta gabansu a mota, ka girgiza kai ka ce, "Ƙasar nan ba gwamnati."

Yanzu ga sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka ɗauke haraji daga mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, suka kuma sassauta wa ƙananan kamfanoni. Mun san ba za ka ba mu kunya ba. Tuni akantanka ya fara lissafin yadda kamfani ɗaya zai haihu ya zama ƙanana biyar, don sassaucin da aka yi domin mai shagon tireda ya faɗo aljihunka.

Yabon ya isa haka, Alhaji. Abin da ka riƙe ba naka ba ne, haƙƙin matar nan ce da ke naƙuda a ƙasa da yaran nan da ke zaune a turɓaya, kuma satar da wani ya yi a ofis ba ta halatta maka taka ba. Ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, ka biya ta banki, ka karɓi rasit. Sannan ka riƙo rasit ɗin a hannu, ka zo mu tafi majalisar dokokin jiha ranar da ake kare kasafin kuɗi, mu tambaye su inda kowace naira ta shiga.