Yadda za ka nemo kibiyarka a kan sabuwar kwamfuta

Idan ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka mai fuskar 4K, fara da daina zargin idanunka, ka kuma mayar da kuɗin tabarau aljihu. Kibiyar linzamin da ta ɓace maka ba aljanu ne suka ɗauke ta ba, lissafi ne ya matse ta. An gina tsofaffin manhajoji bisa zaton ɗigo 96 a kowane inci, alhali fuska mai inci 15.6 da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, tana cusa kusan 282 a inci guda. Akwatin ɗigo 32 da ake zana kibiya a cikinsa, wanda a da ya haura milimita 8, yanzu bai cika 3 ba. Ƙwayar gero ce a tsakar tabarma, kai kuma kana ta lalube.

Maganin shi ne ka ƙara girman abin da ake zanawa, ka bar yawan ɗigon yadda yake. A Windows shiga saitin Display ka ɗora ma'aunin a kashi 200, domin ninki biyu cif yana ba kowane tsohon ɗigo sababbi huɗu, babu ragowa. Hanyar da Apple ya bi ke nan a 2012 da MacBook Pro mai fuskar Retina. Wani zai ce ai rage fuskar zuwa 1920 da 1080 ya fi sauƙi, kuma girman ɗaya ne. Girman kam ɗaya ne, amma ka biya kuɗin ɗigo sama da miliyan 8 ka koma aiki da rubu'insu, rubutu kuma ya rasa kaifinsa. Wani kuma zai ce kashi 200 yana cinye fili, gara 150. Yana da hujja, in dai manhajojinsa na zamani ne. Tsofaffin su ne matsala: sai a zana su ƙanana sannan a ja su kamar hoto, su fito dishi-dishi, kuma ɗaya da rabi ba ya rabuwa daidai. Irin wannan manhaja ana bin ta ita kaɗai, ta shafin Compatibility, a zaɓi wanda zai ɗauki nauyin faɗaɗawar, ita ko Windows.

Kibiya kuwa tana da saitinta daban a sashen Accessibility, daga 1 zuwa 15, kuma babu abin kunya a ƙara ta. Kafin nan, kunna zaɓin da ke zana mata da'ira in ka danna Ctrl. Mai Mac ya girgiza linzami kawai, za ta kumbura ta nuna kanta. Mai Linux a kan X11 shi ne zai sha aiki, don GTK da Qt, tubalan da ake gina tagogin manhajojinsa da su, kowa da nasa kunnen: Xft.dpi ya zama 192, GDK_SCALE ya zama 2, XCURSOR_SIZE kuma 48. In aka manta na ƙarshen, kibiya za ta shiga wannan taga ƙatuwa, ta fito a waccan 'yar mitsitsiya.