Masu Kira a Kalmalo

Duk wanda ya ce maka "taho" a Kalmalo, ka dubi fuskarsa kafin ka nemi takalminka.

Akwai mai bisimillar fatar baki. Yana zaune gindin dalbejiya da kwanon fura, ya hango ka ya ce, "Malam, bisimilla," alhali gwiwarsa ta riga ta kare kwanon. Amsa ɗaya yake jira: "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Baƙo kaɗai ke tsugunawa ya karɓi ludayi, shi ma sau ɗaya ake yi masa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗan "raka ni". Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, zai tsaya ƙofar gidanka yana murmushi: "Ɗan'uwa, taho mu tai Illela, yanzu mu komo." Kai za ka biya ɗan kabu-kabu, don shi kullum ba ya da canji. A kara kuwa, kai ke riƙe da igiyar rago cikin rana, shi yana inuwa suna ciniki da dillali, ya taya, ya tafi, ya dawo, ya sake tayawa. La'asar na yi sai ya tuna wani bashi da yake bi a Birnin Ƙonni, "ga ta nan kusa". Ko da aka rufe iyakar Nijar a Agustan 2023 bai fasa ba, cewa ya yi ya san wata hanya ta bayan gari.

Mai goron gayyata kuma yaro yake aikowa da goro biyu da minti, "Baba ya ce suna jibi." Ka ci goron, ka ci bashi. Ta ɓangaren mata abin ya fi tsada, don can da anko yake zuwa.

Sai manomin bakin tafki mai cewa, "Kawu, ka leƙo fadama mu gaisa." Kana isa za a miƙo maka irin albasa, ashe gayyar dashe ce.

Ɗan WhatsApp bai ma san ya gayyace ka ba, ga kowa ya tura.

Na ƙarshe ɗan aiken maigari ne. Ba goro, ba murmushi: "Ana kiranka." Cikinsu duka shi na fi yarda da shi, domin bai taɓa cewa yanzu za ku dawo ba.