Ban Ga Komai Ba, Kawo Kuɗin Mota

Kayan wutar da ya mutu murus ba ya haɗa kowa faɗa. Ko yaro ya taɓa ya san ya mutu, mai shago kuma ba shi da bakin musu. Wanda ke raba mai saye da mai sayarwa a Badafi, da sauran garuruwan Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, shi ne wanda yake yi yana bari: firiza ta yi sanyi yau ta ƙi gobe, talabijin ya ɗauke ana tsakiyar labarai ya dawo bayan an gama, fanka ta tashi da kanta ran Talata, ran Laraba sai an tura ta da tsinke. Irin wannan kaya yana da ɗabi'a guda da duk mai shi ya sani. Da zarar mai gyara ya yi sallama, sai ya warke.

Ga yadda abin ke tafiya. Uwargida ta kwashi adashi, maigida ya cika, ya shiga Kano ya sayo firiza sabuwa dal a kwalinta daga Sabon Gari, aka ba shi rasit da katin garanti na shekara guda. Niyyar ita ce a shiga azumi da sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Makonnin farko lafiya lau. Sai wata rana bayan Magariba aka ji bayanta ya yi ƙat, ya yi gurnani kaɗan, ya sake yin ƙat, sai shiru. Da asuba ƙullin zoɓo ya yi laushi a ledarsa, kifin da aka sayo daga Tiga ya fara sanar da maƙwabta, ruwa ya bi ƙarƙashin firiza ya jiƙa tabarma. Da hantsi kuwa ta tashi da kanta kamar ba ita ba.

Maigida ya kira lambar da ke jikin katin. Bayan kwanaki aka turo injiniya. Ya iso da hantsi, an yi sa'a akwai wuta, ya jona firiza, ta kama aiki da murya mai daɗi. Ya sha ruwa, ya jira rabin awa, ya buɗe murfi ya ɗora tafin hannunsa a bangon ciki, raɓar ƙanƙara ta kama masa fata.

"Alhaji, ai wannan lafiyarta ƙalau."

"Injiniya, wallahi jiya da daddare ko ɗis ba ta yi ba. Ga mutanen gida nan, tambaye su."

Daga bayan labule aka amsa cewa ba jiya kaɗai ba, har shekaranjiya.

"Hajiya, jiya ba na nan. Ni abin da na gani zan rubuta."

Ya rubuta cewa ba a sami matsala ba. Sannan ya bayyana cewa garanti na gyara ne, tunda kuwa ba a yi gyara ba, kuɗin zuwansa da dubawarsa suna kan mai kaya. Kafin ya kai Kwanar Dangora a hanyarsa ta komawa, firiza ta yi ƙat.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000 a wurare da yawa. Mutumin Badafi yana biyan zuwa da komawa na tafiyar da ta wuce awa guda, na Doguwa da Riruwai kuma, wanda sai an ratsa dajin Falgore kafin a same shi, nasa ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan aka zo sau biyu ba a ga komai ba, ribar ƙanƙarar rabin azumi ta tafi a titi. Akwai ma zuwan da ya fi wannan ciwo: injiniya ya iso ya tarar babu wuta, ya zauna a zaure har La'asar ba a kawo ba, ya tashi ya nemi kuɗin mota. Bai ga matsala ba, bai kuma ga firizar tana aiki ba.

Mutane kan ce kayan yana jin kunyar baƙo ne, wasu su kai maganar ga aljanu. Dalilan sun fi haka sauƙin ganewa, kuma duk mai gyaran da ya iya aikinsa ya san su.

Na farko a cikinsu shi ne danshi. Gas ɗin firiza yana bi ta wani siririn bututu wanda raminsa bai fi na allura da yawa ba. Idan aka bar ɗan danshi a ciki tun daga masana'anta, ko lokacin ɗura gas, danshin yakan daskare a bakin bututun ya toshe hanya. Kwamfiresa tana ta juyawa, sanyi babu. A kashe firizar ta huce, ƙanƙarar ta narke, hanya ta buɗe, sai ta dawo aiki garau na wasu awanni. Wannan ne ya sa wanda ya yi zuciya ya ɗora firizarsa a mota ya mayar da ita shago yake shan kunya. Tafiyar ta ishe ta narkar da abin da ya toshe ta, don haka a gaban mai shago da yaransa da masu wucewa za ta yi sanyin da ba ta taɓa yi a gida ba, a sake ɗora masa ita ya biya kuɗin dako sau biyu.

Sai ƙaramar na'urar da ke tada kwamfiresa, da abokiyar zamanta mai yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Ƙat ɗin da ake ji bayan Magariba muryar mai yankewar ce. Idan ta tada kwamfiresar ta yi rauni, tana iya yin aiki da safe lokacin da ƙarfe ya huce, ta gaza da yamma bayan ta sha zafin yini. A talabijin ma haka ne: dalmar da ba ta kama sosai ba tana buɗewa idan ciki ya ɗau zafi, ta koma ta haɗe idan ya huce. Yanayinmu yana ƙara rura abin. A jikin takardar da ke manne da firji akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jura: mai N har digiri 32, mai ST har 38, mai T har 43. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje.

Na ƙarshe ita ce wutar kanta. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma a ƙarshen layi mai tsawo, da dare, lokacin da kowa ya kunna nasa a kan taransifoma guda, abin da ke isowa yakan yi ƙasa sosai. Kwan fitila ya yi ja, kwamfiresa ta yi yunƙuri ta kasa. Tun Nuwamban 2013 KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake har yau NEPA ake cewa idan an ɗauke. Wannan dalilin ne masu garanti suka fi so, domin kusan kowane kati ya cire ɓarnar da wuta ta jawo daga cikin alkawarinsa.

Rigimar gaba ɗaya tana kan wannan gaɓar. Idan danshi ne ko na'urar tadawa, aibin na kayan ne, nauyin na mai sayarwa. Idan raunin wuta ne, maganin sitabilaiza ce, nauyin na maigida. Wanda ya zo da hantsi ya ɗora hannu ya ji sanyi bai bambance ko ɗaya daga cikinsu ba. Zazzaɓin cizon sauro yana sauka da safe ya dawo da yamma, kuma babu likitan kirki da zai taɓa goshin yaro da hantsi ya sallame shi don ya ji sanyi, sai ya ɗebi jini ya auna. "Ban ga komai ba" gaskiya ce game da rabin awar da injiniya ya zauna, kuma iyakarta ke nan. Ban yarda a ɗora wa mai saye kuɗi a kanta ba.

Doka ma ba ta bar shi a banza ba. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓin mayarwa. A ɓangaren gwamnati akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya gaza cikin wata uku da karɓarsa, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a kan wanda ya sayar, shi kuma ya gyara ko ya musanya ko ya dawo da kuɗi. Rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da ya fita ba ya dawowa bai soke wannan ba. Amma a kotun alƙali mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma firiza ba ta ba da shaida a kan kanta.

Saboda haka a tara shaidar tun kafin a kira kowa. Ranar da ta tsaya, a ɗauko waya a ɗauki bidiyo. A nuna fitilar jikinta a kunne, a kai wayar bayanta a ɗauki ƙat ɗin da gurnanin, a buɗe murfi a matsa ƙullin zoɓo a ga ya narke, a juya takardar jiki mai lambar kayan ta fito sosai, mai ɗauka ya faɗi rana da lokaci da bakinsa. Wanda yake da sitabilaiza mai nuna lamba ya haska ta a cikin bidiyon nan, kada ya yanke. Lambar nan ta fi rantsuwar mutum goma amfani, domin idan ta nuna wuta cikakkiya firiza kuma tana kwance, maganar NEPA ta faɗi. Idan kuma ta nuna wuta ta yi ƙasa, maigida ya huta da kiran kowa, ya san inda zai sa kuɗinsa. A ba ɗan makarantar gidan littafi ya riƙa rubuta ranar da ta tsaya, da ƙarfe nawa, da lokacin da ta dawo. Yara suna yin wannan aikin da himma fiye da manya, wani ma zai rubuta har abin da aka dafa ranar.

A tura bidiyon ta WhatsApp kafin injiniya ya hau mota, a kuma yi tambayar da kunya ke hana mutane yi: "Injiniya, idan ka zo ka tarar tana aiki, wa zai biya kuɗin motar?" Amsar ta zo a rubuce ko a saƙon murya, a adana ta. A roƙa ya zo da yamma idan da yamma take tsayawa. Idan ba zai iya ba, a nemi su ɗauke ta su jona a wurinsu kwana biyu ko uku ba kashewa, a ba da takardar karɓa.

Idan ya riga ya zo ya nemi kuɗi, kada a riƙe masa jaka, kada a tara masa unguwa. Sau da yawa shi ma daga aljihunsa ya sha mai, yaron wani ne da aka aiko, kuma haƙƙinsa gaskiya ne. Abin da ake jayayya a kai shi ne wanda zai biya shi, kuma a zamanin garanti wanda ya aiko shi ne. A kira shagon a gabansa. Idan ya zama dole a biya don a rabu lafiya, a karɓi rasit, a sa ya rubuta ƙarfe nawa ya zo, minti nawa ya gwada, bolt nawa ya auna, ya kuma rubuta cewa mai kaya ya nuna masa bidiyo. Takardar da ta ce an gwada minti talatin da hantsi ba ta da ƙarfin wadda ta ce lafiya ƙalau. Da ita za a je wa mai shago, daga shi a je wa shugabannin kasuwa, waɗanda suka saba raba irin wannan gardama cikin zama ɗaya. Idan abin ya faskara, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, FCCPC kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet.

Jarabar da ta fi kama mutane ita ce kiran mai gyaran gari. Yana kusa, zai zo da Magariba ya ji ƙat ɗin da kunnensa, sau da yawa ma ya fi na birnin sanin ciwon. A kira shi ya saurara ya auna wuta, wannan ba laifi. Amma kada ya yanke bututu, kada ya ɗura gas, kada ya kwance komai, domin ranar da ya yi haka garanti ya ƙare, kuma wannan karon injiniyan birni zai ga komai.

Masu shagunan Kano da wakilan kamfanoni, mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suna biyan kuɗi iri ɗaya da na cikin birni, su ƙara da na dako. Ku faɗa musu tun a bakin ciniki ko kuɗin zuwa yana cikin garanti ko ba ya ciki, ku rubuta a bayan rasit. Ku karɓi bidiyo a matsayin shaida. Idan kuma za ku turo injiniya ga firizar da ke tsayawa bayan Magariba, ku turo shi ya yi Magariba a Badafi.