Sarkin Yashi a Kan Ƙanƙara

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wasu bayin Allah da Asabar ba ta yi musu daɗi sai sun je sun sayo wahala da kuɗinsu. Da zarar dusar ƙanƙara ta lulluɓe tsaunukan Roki, masu hankali sun ja bargo, su kuwa sai su haɗa ayarin motoci su nufi hanyoyin dajin da hukuma ba ta sharewa. A shiga, a kafe, a ciro juna, a dawo gida ana dariya: iyakar ribar ke nan. Wani abokin aikina a Denba ne ya ba ni labarinsu, bai rufe baki ba na ce a rubuta sunana.

Ba da ka na yi ba, ina da tarihi. Na yi shekaru ina tuƙa Hilux a yashin Yusufari da Yunusari lokacin da nake aiki da wata ƙungiyar agaji, na kuma sha ratsa taɓon damina a fadamun Haɗeja inda manyan motoci ke kwana. Direbobin Gaidam Sarkin Yashi suke ce mini, wasu don sun ga aiki, wasu don ni ke biyan kuɗin shayi. Da na zo Amurka na tarar ba a sayar da Hilux, sai na sayi tsohuwar 4Runner mai ja da ƙafa huɗu. A lissafina ƙasa ai ƙasa ce, bambancin kawai waccan ja ce, wannan fara.

Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ko firji ka buɗe sai ka yi atishawa?" Na ce mata wannan harka ce ta masana. Ba ta ja ba. Ta dafa shayi mai citta da kanumfari ta cika filas, ta miƙo mini tana cewa in mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi. Ta kuma sa wani ƙanena da ke karatu a Bolda ya raka ni, wai don a samu mai kawo labari.

Mun haɗu da sassafe a wani gidan mai a Nedaland, ƙaramin gari da ke kan tudun da ya kai wajen mita 2,500. Denba kanta da muke kuka da ita mita 1,609 ce. Allon motata ya nuna sanyi ya kai 10. Na ce wa ƙanena, "Ka gani ko? Sanyin Jos ne kawai." Ya ce, "Yaya, da ma'aunin Amurka yake ƙirgawa. A nasu ruwa yana daskarewa tun a 32. Wannan goman a namu sha biyu ce ƙasa da sifiri." Na ce ai na sani, gwada shi nake yi. A lokacin ina sanye da kaftani, da jaket a kai, da takalmi sau-ciki na fata mai sulɓin ƙasa, wanda na saya don zuwa ofis.

Na zaci madugun ayarin wani ƙato ne mai gemu har ƙirji. Sai ga wata 'yar dattijuwa mai furfura, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta fito daga wata tsohuwar Jeep da kare a bayanta. Ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya, har kwanciya take yi ta leƙa ƙarƙashi ta ga ko akwai ƙugiyar da aka ɗaure da ƙashin mota. Da ta zo kan tawa sai ta tsuguna tana shafa gefen taya, tana neman wani tambari na tsauni mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Babu. Ta ce robar tayar da ba ta hunturu ba takan fara tauri tun sanyi yana wajen digiri 7 a ma'auninmu, ta daina kama ƙasa. Ta tambayi sarƙar taya. Babu. Na tuna mata cewa dokar jihar da ke aiki a babban titin I-70 daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu a wancan lokacin ta yarda da mota irin tawa muddin zanen tayarta bai cinye ba. Ta ce haka ne, sai dai inda za mu babu mai duba takarda. Ta ba ni oba-oba, ta sa ni a tsakiyar ayari, mai winci (injin jan mota da igiya) a gabana, mai winci a bayana. Na ɗauka girmamawa ce.

Hanyar da za mu bi sunanta Switzerland Trail, a yammacin Bolda, tana zagaye dutsen Sugarloaf. Asalinta layin dogo ne, ƙaramin jirgin ƙasa ke bi yana kai kaya garuruwan masu haƙar zinare, daga baya yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, har ambaliyar 1919 ta kawo ƙarshensa, aka kwashe ƙarafan aka bar turbar. Da yake jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsini, hanyar a kwance take, ba hawa mai tayar da hankali. Da bazara masu koyo ake kaiwa can. Wannan bayani na so a ce ban ji shi ba, domin duk abin da zai biyo baya a hanyar 'yan koyo ya faru. Aibinta ɗaya: a wurare da yawa an sassaƙe ta ne a jikin dutse, faɗin mota ɗaya, hagu bango, dama kwazazzabo.

A bakin daji aka tsaya rage iskar taya, nan ne tauraruwata ta haska. Wannan aikin yashi ne, na san shi tun kafin wasunsu su yi lasisi. Na sauke geji daga 35 zuwa 18 ba tare da an gaya mini ba, har na yi wa wani saurayi bayanin yadda taya ke baje ciki ta ƙara faɗin abin da take takawa. Madugu ta ɗaga mini babban yatsa. Daga wannan yatsa ban ƙara jin komai ba. Ta yi ta bayani a oba-oba: a sa giyar ƙarfi, a bar tazara mai yawa, a bar inji ya riƙe mota a gangara, kowa ya riƙa duba na bayansa a madubi, in an zo wuri mai santsi a bi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina ba ƙanena labarin wata rana a hanyar Kanamma.

Abin da ƙafata ta haddace a yashi da taɓo guda ne: kada ka tsaya, kada ka saki totur, gudu shi ne ceto. Muddin muna gefen da rana ke bugawa, karatun yana ci, dusar tana da laushi, taya na nutsa haƙora a ciki. Sai hanya ta karya kwana ta koma fuskar dutsen da ke kallon arewa, inda rana ba ta leƙawa a watan Disamba. A nan ruwan da ya narke a sama yakan gangaro ya kwanta a kan hanya, dare ya daskarar da shi, sabuwar dusa ta yafa masa mayafi. Ido fari yake gani, a ƙasa gilashi ne. Hanyar kuma ta ɗan karkata wajen kwazazzabo.

Na gabana ya rage gudu, ni kuma ina manne da bambarsa. Na danna birki. Feda ta hau karkarwa a ƙarƙashin ƙafata tana gurnani. Yanzu na san wannan shi ne aikin birkin ABS, yana kamawa yana saki don kada taya ta kulle, kuma abin da ake so shi ne ka ci gaba da dannawa. A lokacin na ɗauka wani abu ne ya karye. Na ɗage ƙafa, da ta rasa wurin zuwa sai ta koma gidan da ta saba, ta taka totur.

Ba a yi ƙara ba, ba a yi karo ba. Bayan motar ne kawai ya fara tafiya gefe a hankali, kamar sabulu a bakin rijiya. Na juya sitiyari hagu, na juya dama, duk ɗaya. Jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi, amma wajen tsayawa kowace mota ƙafa huɗun take da su. Tayar baya ta dama ta sauka daga gefen hanya ta nutse, motar ta jingina, ta tagar ƙanena ina hango kawunan itatuwan da saiwarsu ke can ƙasa. Yana ta salati. Na ce, "Kwantar da hankalinka, yanzu za ka ga aiki." Na ba ta wuta irin ta fadama. Tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, zafinsu ya narkar da dusar, ta sake daskarewa sumul, motar ta ƙara zamewa taƙi guda. Muryar Madugu ta fito a oba-oba, a natse, irin muryar da ake yi wa majinyacin da ke neman cire robar ƙarin ruwa: "Ɗauke ƙafarka daga kan komai. Ja birkin hannu. Kada kowa ya motsa sai na zo."

Da aka ba mu izinin fita ta ƙofar sama, na sauko don in duba lamarin da idon gwani. Takalmin ofis ya taɓa ƙanƙara. Abin da na gani bayan haka sararin sama ne, shuɗi tas. Na yunƙura, na sake komawa. Da rarrafe na isa wurin taron, kaftani yana jan ƙasa.

Duk da haka na kawo shawara. Na ce a ɗaura igiya a dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da ake maƙala tirela, wata mota ta fizga, sauran jama'a su tura, a ce "ɗaya, biyu, uku" kamar yadda ake yi ko'ina. Aka yi shiru. Saurayin da na koya wa rage iska ne ya yi mini bayani, cikin ladabi mai ciwo. Dunƙulen tirela ba a yi shi don fizga ba, yakan tsinke ya taho da gudun harsashi, ya sha kashe mutane ta gilashin mota. Igiyar fizga mai talewa tana da amfani a fili, inda mai ja ke da wurin kafa taya, amma a nan mai jan ma a kan gilashi yake, kuma fizga ɗaya za ta iya wurga bayan motata kwazazzabo gaba ɗaya. Turawa kuwa, duk wanda ya tsaya a ƙasan motar da ke zamewa ya rubuta wasiyya tukuna.

Abin da suka yi ya ɗauki lokaci, kuma ko a kwance nake sai na yaba. Da farko suka ɗaure gaban motata da wata bishiya a gefen tudu don kada ta ƙara motsi. Ba su naɗa igiya a jikin bishiyar kai tsaye ba, wani faffaɗan ɗamara suka zagaya mata don kada a yanke ɓawonta ta mutu. Sannan suka ja igiyar wincin motar da ke bayana, suka bi da ita ta cikin wani gargaren ƙarfe da suka rataya a wata bishiyar ta sama, suka dawo da ita kan ƙugiyar bayan motata. Da haka winci yana ja a miƙe, amma ƙarfin yana jan bayan motar gefe, zuwa kan hanya. Da aka fara ja sai mai wincin ce ta taho, tana zamewa, tawa ko gezau. Aka tsaya, aka ɗaure ita ma da motar bayanta. Aka yafa wani bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Aka kori kowa nesa. Mutum ɗaya ke magana, Madugu, sauran da hannu suke amsawa.

Kafin nan sai an haƙe dusar da ta danne cikin motar. Na karɓi shebur don in fanshi mutuncina. A wannan tudun iskar da mutum ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ban yi nisa ba na fara ganin taurari da rana tsaka. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba ta karɓi shebur ɗin ta ce in zauna in huta. Aka cusa allunan roba masu haƙora a ƙarƙashin tayoyi, aka aro mini sarƙa aka ɗaura a na baya. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, don haka ko ƙugiya ɗaya ban maƙala ba.

Saura wanda zai zauna a sitiyari ya bi umarni, ya ba da wuta kaɗan-kaɗan daidai da jan winci. Na gyara hula na nufi ƙofa. Madugu ta dube ni, ta dubi ƙanena wanda lasisinsa ko shekara bai yi ba, ta miƙa masa makulli. Ta ce tana son wanda bai iya komai ba tukuna. Ni kuma, don kada in zauna haka, ta danƙa mini igiyar karenta in riƙe kada ya shiga ƙarƙashin aiki. Haka Sarkin Yashi ya tsaya a gefen dutse, hannu a miƙe iya tsawonsa don kada kare ya shafi kaftanin salla, yana kallon yaro na fitar masa da mota. Ta hau hanya a hankali, taƙi bayan taƙi, aka yi tafi. Karen ma ya yi haushi.

Na zaro kuɗi, suka ƙi karɓa, har suka ɗan ji nauyi. A wurin babu sabis na waya, janwen kamfani kuma ba kasafai yake shiga irin wannan hanya ba, wanda ya yarda ya shiga kuɗinsa sai an zauna. Su a wajensu ciro ni shi ne abin da suka fito nema, na ma yi musu alheri. Abin da ya karɓu shi ne shayin uwargida. Filas ya zagaya, citta ta ratsa su, Madugu ta nemi a rubuta mata abin da aka zuba a ciki. Rana ta faɗi kafin ƙarfe 5, muka fito da fitilu, ƙanena na tuƙi, ni ina riƙe da oba-oba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, tun daga faɗuwar farko yaron nan waya na hannunsa. Kafin mu isa Denba bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na dangi, washegari wani tsohon direba ya kira ni daga Gaidam, bai ce komai ba, dariya kawai ya yi ya kashe.

Jama'a, duk wanda bidiyon wani mai kaftani yana rarrafe a kan ƙanƙara ya iso wayarsa, ni ne, ya kalla shi kaɗai. Don Allah a daina turawa, surukaina ba su gani ba tukuna.